Mai Farar Safa a Ƙwaryar Sabuwa

Idan za a lissafa mutanen da Allah Ya zuba wa ƙyama a ƙasar Bagudo, da Bunyaminu Duba-gari za a fara, kuma ni dai ban san mai bi masa ba. Dogo ne siriri mai dogon hanci, hancin nan kuwa ba ya hutu. Ba ya shan ruwa a gidan kowa. In ya gaisa da mutum, sai ya rataye hannun gefe guda kamar na aro, har sai ya kai shi ga sabulu. In mahauci ya hango shi tafe da kakinsa da dogon ludayinsa, kafin ya iso an kore ƙudan tebur kaf, an lulluɓe nama da ganye, mahaucin kuma ya fara murmushin da bai kai ciki ba.

Abin haushin, ba a cikin turare aka haife shi ba. Auta ne, uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Sabuwa ce ta goya shi. Sana'ar Sabuwa daddawa, kuma daddawarta ta yi suna har ƙetaren iyaka, a Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Binin. A bayanta ya yi barci tana tsaye kan tukunyar kalwa. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai boko, sai aka waiwaya aka ga maraya, aka miƙa shi. Daga makarantar Illo ya wuce Sakkwato, daga can aka tura shi Kano koyon aikin tsabta. A can ne wani malami ya ɗiga ruwan rijiya a kan gilashi, ya ce ya leƙa ta madubin likita. Ya leƙa, ya ga wasu halittu masu gashi suna ta iyo suna cin junansu. Tun daga wannan leƙen Bunyaminu bai sake shan ruwa da daɗin rai ba.

Ya dawo gida a 1955 da aikin duba-gari. A makonsa na farko ya shiga gidan Sabuwa, ba gaisuwa ta kai shi ba, aiki ne. Ya tura ludayi cikin randarta, ya ɗago, sai ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. Maƙwabta na tsaye suna kallo, shi kuma yana son a san aiki ba ya da 'yan'uwa. Ya sa ƙafa ya tunkuɗe randar don ya zubar da ruwan, ita kuwa ta faɗi kan dutsen niƙa ta rabe biyu. Randar uwarsu ce.

Sabuwa ta dubi ruwan yana bin ƙasa, ta ce, "Ruwanta kas sha kag girma, Auta."

Ya ce, "Shi yas sa nit tashi da ciwon ciki, Yaya."

Daga ranar iyakarsa da gidan zaure. Ranar Salla yakan tsaya daga nan ya gaishe ta, hankici a hanci, ya juya.

To, mutumin da ya ga ƙasar Bagudo kaf ba ta da mai tsabta, sai ga shi ya samu guda a cikin takarda. A 1957 wani Bature mai farautar ƙudan tsando ya kafa zango kusa da Kaoje. Ana ce masa Mai Kwalba, don duk ƙudan da ya kama a kwalba yake sa shi. Wata rana ya aiko wa Bunyaminu maganin feshin masai, an naɗe kwalbar da wata takarda mai launi. Bunyaminu ya warware, ya ga zane-zane a jere cikin ɗakuna-ɗakuna, maganar kowa tana fita daga bakinsa cikin da'ira. A tsakiya akwai wani ƙato mai koren kaya matsattsu da farar safar hannu, yana tashi sama bisa rufin gidajen Landan, ya tallafo jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Ashe ɗan Baturen ne da ke makaranta a Ingila yake aiko wa ubansa, kowane mako fita ɗaya, uban kuwa bai ɗauke su a bakin komai ba sai naɗe kwalabe. Bunyaminu ya hau keke har Kaoje ya roƙa. Baturen ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ya riƙa zuwa yana karɓa.

Sunan mutumin da Turanci ne, amma a Bagudo Mai Farar Safa aka san shi. Mutane sun ɗauka ƙarfinsa ne ya tafi da hankalin Bunyaminu, alhali ba shi ba ne. Safar ce. Mutumin nan zai wuni yana dambe da ɓarayi cikin hayaƙi da gawayi, ya shiga ramin ƙazanta ya fito, amma a hoton ƙarshe safarsa fara fat, ko ɗigo babu. Ba ya gumi. Ba ya fyace majina. A cikin fita ɗari da wani abu ba a taɓa nuna shi yana cin abinci ba, balle zagayawa bayan gida. Bunyaminu yakan dubi wannan ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don ya ga ashe ana iya zama a duniya ba ta shafa maka komai ba.

Yadda yake karatun ma abin kallo ne. Sai ya wanke hannu da jan sabulu har gwiwar hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, sannan ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye su, kowace bisa lambarta. Ba ya lasar yatsa ya buɗe shafi, wannan a wurinsa aikin ƙazamai ne. Da tsinken ciyawa yake juyawa. Matarsa Mariyamu ta san in ana wannan hidima ko tari ba a yi a tsakar gida. Ranar Juma'a bayan an sauko yakan fito da guda ɗaya gindin ɗorawar ƙofar gidansa, ya ɗaga ta sama, ya fassara wa jama'a daga nesa. Masunta da manoman shinkafa su yi ta miƙa wuya. Wanda ya matso da hannu, ludayi ne rabonsa.

A Satumbar 1960 Mai Kwalba ya haɗa kayansa, tunda mulki zai koma hannun 'yan ƙasa. Ya miƙa wa Bunyaminu fita biyu na ƙarshe, ya ce daga su babu wasu. Bunyaminu ya karanta ta farko a ranar. Ta ƙare a mummunan wuri: abokan gaba sun yi wa Mai Farar Safa dabara, sun naɗe shi da sarƙa, sun ɗaura masa wani ƙaton ƙarfen jirgi, sun jefa shi ƙasan teku. Hoton ƙarshe yana kwance cikin duhun ruwa, kifaye na zagaya shi. Ko ya fita ko bai fita ba, amsar tana cikin ɗayar. Bunyaminu ya ɗauki tsinke, ya kai bakin shafi, sai ya fasa. In ya karanta ta, shi ke nan, babu sauran abin jira. Ya naɗe ta daban cikin sabon farin ƙyalle, ya sa ta saman sauran, ya ce sai ranar bikin 'yancin kai, in ya gama aiki ya yi wanka.

Ana saura kwana uku biki Sabuwa ta zo gidansa. Tun daga ƙofa ya san ita ce, hancinsa ya gaya masa. Ɗanta Arzika, ƙato mai shekara ashirin da biyar, shi ne ɗan kokawar da Bagudo ke taƙama da shi, kuma an shirya ranar biki zai kara da wani Badande daga ƙetaren iyaka wanda aka ce bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba.

Ta zauna bakin tabarma, ta ce, "Auta, takardun ga naka na mutumen da ba a kayarwa, guda nika so."

"Mi za ki yi da ita?"

"Jiƙa ta za ni yi, Arzika shi sha."

Bunyaminu ya ce, "Yaya, wanga ba rubutun sha na ba. Tawadar inji ta, guba ta."

"Kai da bakinka kac ce bai taɓa hwaɗuwa ba."

"Zane na! Wani Bature yaz zauna bisa kujera yaz zana shi."

"To, malam ma zama shika yi shi rubuta."

Ya ce mata ko kusurwar shafi ba zai bayar ba. Ta tashi. Tana fita ya sa Mariyamu ta kai tabarmar rana.

Ranar biki tun da hantsi yana fili. Ya duba ramukan masai da ya sa aka haƙa bayan rumfuna, ya yi faɗa da masu tsire, ya zubar da kunun wata mata da ya ga ƙuda ya mutu a ciki. An ɗaga sabuwar tuta yana can yana zagin wani da ya tsuguna gindin kuka. Bayan azahar ya koma gida, ya yi wanka, ya wanke hannu har gwiwa, ya buɗe akwati. Farin ƙyallen yana nan a ninke, ba komai ciki.

Mariyamu ta durƙusa tun kafin ya tambaya. Sabuwa ce ta zo bayan fitarsa. Yayar miji da ta goya shi uwar miji ce, wace ce Mariyamu da za ta ce mata a'a? Ta ba ta mabuɗi tana roƙon ta ɗauki ta can ƙasa, wata tsohuwa. Sabuwa ta ce ai wadda ya naɗe daban ya ɓoye ita ce mai ƙarfin, in ba haka ba me zai sa a yi mata likkafani ita kaɗai.

Bunyaminu ya fita ba hula. Shekara biyar rabonsa da wuce zauren Sabuwa, ranar ya wuce shi da gudu. A tsakar gida ya tarar da ƙwaryar da take wanke kalwa, bakinta duk yauƙi. A ciki akwai wani abu kamar kunun da ya kwana uku, kore-kore, toka-toka, ƙudaje sun yi masa baƙi. Ta zuba tsamiya da ɗan zuma don ya wuce maƙogwaro. Wani guntun takarda na yawo a sama, da yatsu biyu na farar safa a jikinsa, suna narkewa yana kallo. Arzika na zaune kan turmi yana share baki da bayan hannu.

Arzika ya ce, "Kawu, sannu da zuwa. Wallahi ina jin shi nan ga ƙirji." Ya yi wata doguwar gyatsa, ya buɗe baki yana dariya. Harshensa kore shar, da 'yan baƙaƙen haruffa manne a haƙoransa.

Bunyaminu ya juya baya. Ya dafa katanga ya amayar da duk abin da ya ci tun safe, a gidan da ya taɓa fasa wa randa don ƙazanta. Kaji suka taho da gudu.

Da ma Arzika ya faɗi, da da sauƙi. Amma da la'asar, gaban jama'ar ƙasa biyu, ya sunkuci Badanden nan ya maka shi da ƙasa har ana jin ƙarar daga bakin kasuwa. Zawon da ya yi kwana huɗu bayan nan, kore shi ma, ba wanda ya sa shi a lissafi. Labari ya bazu daga Geza har Kamba cewa Duba-gari yana da asirin Nasara cike da akwati. Maharbi ya zo yana son shafin da harsashi ke tsalle daga ƙirji. Mai kwalekwale ya zo daga Kaoje neman wanda ake tafiya bisa ruwa. Har wani dattijo mai furfura, wanda Bunyaminu ke ganin girmansa, ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa shi ko hoton cinyar kaɗai ya ishe shi. Bunyaminu ya ƙara wa akwati kwaɗo na biyu, ya daina fitowa gindin ɗorawa. A da mutanen garin ƙyamar hannuwansu yake yi, yanzu har da kallonsu.

Ya nemi wata. Ya rubuta wa kantunan Sakkwato, suka ce ba su san ta ba. Ya sa fatake su duba masa a Kamba da ƙetaren iyaka, suka kawo masa wasu da Faransanci, na wasu mutane daban, an riga an naɗe bandar kifi da su, man kifin ya huda fuskokin. Ya ɗauke su da tsinke ya jefa a wuta. Daga ƙarshe ya rubuta wa Mai Kwalba wasiƙa har Ingila, ya zauna jira.

Shekara uku Mai Farar Safa yana ɗaure ƙasan teku. Bunyaminu zai leƙa randar mutane da ludayi, sai ya tsaya yana kallon duhun gindinta har matar gida ta yi gyaran murya. Tun makon farko Mariyamu ta gaya masa cewa Yaya ba ta jiƙa takardar nan take ba, ta zauna nan bakin ƙofa ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Wato a duk faɗin ƙasar mutum ɗaya ne ya ga yadda labarin ya ƙare, kuma ita ce. Ya ce gara ya mutu bai sani ba. Ko Salla ya daina zuwa zauren.

A daminar 1963 wasiƙarsa ta dawo, ba a ko buɗe ta ba, an bubbuga mata hatimi ta ko'ina. Ya ajiye ta kwana biyu. A na uku da safe ya sa hula, ya nufi gidan Sabuwa, ya yi sallama.

Ya zo a mafi munin rana, ranar buɗe daddawa. An kwaye ganyen da aka rufe kalwa da shi kwana uku, wari ya cika gidan har ido yana yaji. Sabuwa ta tsufa, ta rame, tana zaune tana mulmula da hannu biyu. Ta ɗago ta dube shi, ta tura masa tabarma da ƙafa. Ya dubi tabarmar. Ya zauna.

Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, takardar nan. Yaya tak ƙare?"

"Au, ita ta kawo ka? Ni na aza mutuwata kaj ji." Ta ci gaba da mulmula. "Ɗaure yak ƙare. Sarƙa ko'ina, ƙasan ruwa, kihi na shawagi bisa kainai. Nan takarda tak ƙare."

Shekara uku Bunyaminu yana jira, ashe mutumin bai fita ba. Yana shirin tashi sai ya lura da hannunta. Tana maganar tana kwatanta yadda ta buɗe shafukan, tana ɗauko su daga hagu tana kifawa dama, yadda ake buɗe littafin Larabci. Sabuwa ba ta taɓa riƙe takardar boko ba. Daga baya ta fara ta yo gaba. Abin da ta kira ƙarshe shi ne shafin farko, inda aka ɗora daga waccan fitar. Ainihin ƙarshen shi ne abin da ta fara gani.

Ya gyara zama. "Yaya, bar wannan. Da kinka buɗe, mi kinka hwara gani?"

Ta goge hannu a zane. "Bakin ruwa na gani, da masunta. Sun jawo shi cikin taru tare da kihi. Shina zamne ƙasa, taɓo har ga gira, rigar ta kece."

"Safar fa?"

"Guda ta ɓace. Gudan kau baƙa ƙirin. An ba shi abinci ga kwano shina ci."

"Ci? Da hannu?"

"Da hagu ma."

Bunyaminu ya runtse ido, ya ji yawu ya taru masa a baki. Da hagu!

Sabuwa ta ce, "Akwai wata tsohuwa nan gehe, cikin matan masuntan, hannunta duk ƙaiƙayin kihi. Ta kama bakin zanenta tana share mai taɓon huska." Ta ɗauki wani curin daddawa ta ci gaba da mulmula, ba ta dube shi ba. "Shi kau bai kau da kai ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya san masu zanen nan, fita ɗari da wani abu ya karanta, bai taɓa ganin sun sa tsohuwa mai zane ba. Amma kuma bai ga wannan fitar ba, kuma ba zai taɓa gani ba.

"Yaya, rantse."

"Ba ni rantsuwa bisa takardar Nasara."

Ta miƙa hannu bayanta ta jawo akushi, ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kuka, daddawa ta ji a ciki har ta yi baƙi. Ta tura gabansa. Ta ɗebo ruwa a sabuwar randarta, wadda ba wanda ya taɓa dubawa, ta ajiye masa a moɗa. Wani ƙuda ya sauka bakin akushin yana goge hannuwa.

Bunyaminu ya kore ƙudan. Ya wanke hannu da ruwan, ba sabulu. Ya yanko loma, ya dangwala, ya kai baki. Warin yana nan yadda ya san shi, bai ragu ko kaɗan ba, cikinsa ya taso har maƙogwaro, idonsa ya kawo ruwa. Ya danne, ya haɗiye.

Ya ce, "To, Yaya. Hoton da ab bi ma wannan fa?"

Ta ce, "Ci dai. Da yawa."